DARASIN KIWON LAFIYA: Ciwon baya mai daɗewa da yadda za mu zauna da shi

Jama'a, ƴan uwa manoma da makiyaya, maza da mata, darasinmu na wannan fitowa a kan ciwon baya shike. Akwai ciwon baya na kwana biyu, wanda mutum ke ji bayan ya wuni shina noma. Wannan shina wucewa da kanshi. Akwai kuma wanda ke zauna ma mutum wata da watanni, wani ma shekara da shekaru. Likitoci suna cewa ciwon baya ya zama mai daɗewa idan ya wuce wata 3. Shi ne za mu duba yau.

Wannan ciwo ba namu ba ne mu kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake ce ma OMS, ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ke fama da ciwon kwankwaso cikin duniya. Ta ce babu ciwon da ya fi shi nakkasa mutane. Amma a ƙauye abin ya fi tsanani. Gona ba ta jira. Rijiya ba ta zuwa gida. Idan baya ya kwantar da mai gida cikin damina, rumbu ne za shi ba da labari da kaka.

Ga abin da muke so kowa shi riƙe. Mafi yawan ciwon baya ba shi kisa, kuma kwanciya ba ta warkar da shi. Motsi da sake hanyar aiki su ke sa mutum shi ci gaba da neman abincinshi. Amma akwai wasu alamomi da ba a kwana da su a gida. Sai mu san su.

1. Yadda ƙashin baya shike

Ka sa hannu ka shafa tsakiyar bayanka. Za ka ji ƙulli-ƙulli a jere, daga wuya har ƙasa. Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne 33, wani bisa wani. Akwai 7 a wuya. Akwai 12 inda haƙarƙari ke kamawa. Akwai 5 a kwankwaso. Wasu 5 sun haɗe sun zama ƙashi ɗaya a ƙasan kwankwaso. Sauran 4 ƙanana ne, su ne na can ƙarshe.

Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani ɗan faifai na guringuntsi. Aikinshi kamar na gammo ne. Yadda gammo ke shiga tsakanin kai da tulu, haka shi ma ke shiga tsakanin ƙasusuwa don kada su gogi juna.

Cikin tsakiyar ƙasusuwan akwai hanya kamar bututu. Nan laka ke bi, daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙasa. Jijiyoyi suna fitowa daga laka, suna kai saƙo ga hannuwa, da ƙafafu, da mafitsara, da hanji. Don haka ne ciwon da ke kwankwaso ke iya sauka har tafin ƙafa.

Kewaye da duka akwai naman baya da naman ciki. Su ne igiyoyin da ke riƙe da ginin. Idan suna da ƙarfi, baya shina ɗaukar aiki. Idan suka saki, ƙashi da gammo su ke shan nauyi. Ƙasusuwa 5 na kwankwaso su ne suka fi kowa ɗaukar kaya. Shi ya sa ciwo ya fi zama a wurin.

2. Daga ina ciwon ke fitowa?

OMS ta ce cikin masu ciwon kwankwaso 10, wajen 9 ba a samun wata cuta takamaimai a jikinsu. Nama ne, da gaɓoɓi, da gajiya ta yau da gobe. Ciwon gaskiya ne, ba ƙarya ba. Amma ƙashi bai karye ba, laka ba ta tsinke ba.

Ga sauran, ga abubuwan da aka fi gani:

Na ɗaya, gammo ya bulluƙo. Ɗan faifan nan shina iya tsagewa, cikinshi shi turo waje, shi danne jijiya. Sai mutum shi ji zafi kamar wuta shina bin ɗuwawu, da bayan cinya, har ƙasan gwiwa. Yawanci ƙafa ɗaya ce. Tari ko atishawa suna tsananta shi. Likitoci suna ce mishi siyatik. Mafi yawan masu shi suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12, ba tare da an yi musu aiki ba.

Na biyu, hanya ta ƙuntata. Wannan na dattawa ne. Bututun da jijiyoyi ke bi shina matsewa da tsufa. Tsoho shi yi ƴar tafiya, ƙafafu su yi nauyi. Idan ya zauna, ko ya duƙa bisa sandarshi, sai su saki.

Na uku, ƙashi ya yi laushi. Wannan ya fi samun tsofaffin mata. Ƙashi shina iya lotsewa da ƴar faɗuwa kaɗan. Sai tsohuwa ta gajarta, ta ranƙwafa.

Na huɗu, ƙwayar cuta ta shiga ƙashi. A ƙasarmu wadda ta fi haɗari ita ce ta tarin fuka. Za mu yi maganarta a gaba. Akwai kuma wata da ake ce ma burusaloz. Ana ɗaukarta wajen shan madarar da ba a tafasa ba, ko taɓa mahaifar dabbar da ta yi ɓari da hannu tsirara. Tana kawo zazzaɓi mai tafiya shina dawowa, da zufa, da ciwon baya. Makiyaya da mahauta su lura. A tafasa madara.

Wani ciwon kuma ana jin shi a baya, amma ba na baya ba ne. Ciwon ƙoda haka shike: zafi a gefe ɗaya, da zazzaɓi, da zafin fitsari. Masu amosanin jini, wato sikila, su ma suna jin ciwon baya idan ciwonsu ya tashi.

3. Alamomin da ba a kwana da su

Ku karanta wannan sashe sau biyu. Ku karanta ma waɗanda ba su iya karatu ba.

A kai mutum likita a ranar, ko dare ne, idan:

- ƙafafu duka biyu suna mutuwa, ko suna rasa ƙarfi;
- ba shi jin taɓi tsakanin cinyoyi da wurin zama;
- fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida suna zuba bai sani ba;
- ciwon ya fara bayan ya faɗo daga itace, ko daga amalanke, ko bayan haɗarin mota ko babur, ko rijiya ta rufta mishi.

Alamomi uku na fari suna nuna an danne manyan jijiyoyi. Idan aka yi jinkiri, ƙafafu suna iya mutuwa har abada. Wanda kuma ya faɗo, kada a zaunar da shi. Kada a ɗauke shi ana lanƙwasa shi. A sa mutum 3 ko 4 su ɗaga shi gaba ɗaya, kai da baya a miƙe. A shimfiɗe shi bisa ƙyaure ko katako, a tafi da shi haka.

A je likita cikin makon nan idan:

- akwai zazzaɓi, da zufar dare, da rama;
- ciwon ba shi lafawa ko an kwanta, shina tayar da mutum daga barci kullum;
- wani ƙulli ko doro ya fara fitowa a tsakiyar baya;
- yaro ne ke kukan baya, har ya daina wasa ko ya ƙi duƙawa;
- ƙafa ɗaya tana ja, takalmi shina fita mutum bai ji ba;
- dattijo ne ciwon ya fara mishi sabo, shina kuma ramewa. Ko mace ce mai ƙulli a nono.

A fara da gidan likita mafi kusa, wato CSI. Idan abin ya fi ƙarfinsu, za su ba da takarda zuwa asibitin gunduma. Daga can sai manyan asibitoci na Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai. Ku riƙe takardun likita da kyau, ku tafi da su duk inda aka aike ku.

4. Tarin fuka na ƙashin baya

Mutane da yawa sun ɗauka tarin fuka huhu kaɗai shike kamawa. Ba haka ba ne. Ƙwayar tana bin jini, ta sauka cikin ƙashin baya, ta riƙa cin shi a hankali. Wani likitan Ingila mai suna Percivall Pott ya bayyana wannan ciwo a shekarar 1779. Shi ya sa likitoci ke ce mishi ciwon Pott.

Shina farawa da ciwon baya wuri ɗaya. Sai kasala, da rashin cin abinci, da zazzaɓin marece, da zufar dare. Wani shina tari, wani ba shi yi. Bayan watanni ƙashi shina lotsewa, doro mai tsini shi fito. Idan ƙashin da ya lotse ko mugunya suka danne laka, ƙafafu su mutu.

Wannan ba sammu ba ne, ba kuma iska ba ce. Cuta ce mai magani. Maganin tarin fuka kyauta shike a gidajen likita na gwamnati. Na huhu wata 6 ake sha. Na ƙashi ya fi haka daɗewa, shikan kai wata 9 zuwa 12. Ana sha kullum, ba fashi. Bayan wata 2 mutum shina jin sauƙi, shi ce ya warke. Nan ne tarko. Wanda ya bar magani a tsakiya, cutar tana dawowa, kuma tana iya ƙin jin maganin farko. Idan an kama cutar da wuri, mutum shina warkewa kafin doro shi fito. Doron da ya riga ya fito, ƙwaya ba ta miƙe shi. Idan akwai mai tari a gidan fiye da mako 2, shi ma a kai shi a auna majinarshi.

5. Kwanciya ba magani ba ce

Yanzu mu koma ga mafi yawanmu, waɗanda likita ya duba ya ce babu haɗari.

Da can ana cewa mai ciwon baya shi kwanta har shi warke. Bincike ya nuna wannan kuskure ne. Naman da ba shi aiki shina sakewa, gaɓoɓi suna sandarewa. Ku dubi ƙyauren da aka daɗe ba a buɗe ba. Ranar da aka taɓa shi, kuka shike yi. Haka baya shike.

Idan ciwo ya taso da ƙarfi, a huta kwana ɗaya ko biyu. Ko cikin kwanakin nan a riƙa tashi ana zagaya tsakar gida. Daga nan a koma ga ƙananan ayyuka, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Jin ɗan ciwo lokacin motsi ba shi nufin wani abu ya karye. Baya ba ƙwai ba ne.

Akwai kuskure na biyu. Ranar da mutum ya tashi da sauƙi, sai shi ce bari in rama aikin mako guda. Shi yi noma daga safe har la'asar ba hutu. Washegari ba shi iya tashi, shi sake kwana 5 a kwance. Gara aikin rabin wuni kullum da aikin wuni guda da jinyar mako. Sannu ba ta hana zuwa.

A watan Disamba na shekarar 2023 OMS ta fitar da shawara a kan ciwon kwankwaso mai daɗewa. Abubuwan da ta sa gaba su ne ilmantar da mai ciwo, da motsa jiki, da tausa, da kwantar da hankali. Ta ce kada a dogara ga ɗamarar kwankwaso, ko jan baya da na'ura, ko ƙwayoyi masu bugarwa irin su tramol.

6. Motsa jiki biyar bisa tabarma

Ba su bukatar kuɗi. A yi su da safe da marece, a hankali, ana numfashi. Minti 10 sun isa.

Na 1. Kwanta rigingine. Lanƙwasa gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Kama gwiwa ɗaya da hannu biyu, ka jawo ta wajen ƙirji. Ƙirga 10, ka saki. Yi ma ɗayar. Kowace sau 5.

Na 2. Kana nan kwance, gwiwoyi a lanƙwashe. Tsuke ciki, ka manna kwankwaso da tabarma. Ƙirga 5, ka saki. Sau 10.

Na 3. Kana nan kwance. Ɗaga ɗuwawu sama, kafaɗu da tafin ƙafa suna ƙasa. Ƙirga 5, ka sauke. Fara da sau 5, ka kai 10.

Na 4. Durƙusa bisa hannuwa da gwiwoyi. Tura baya sama kamar kyanwa ta tashi daga barci. Sannan ka sake shi shi lotsa ƙasa. Sau 10.

Na 5. Tafiya a ƙasa. Fara da minti 10. Kowane mako ka ƙara kaɗan, har ka kai minti 30.

Ga ƙa'ida. Idan ciwon ya tsaya a kwankwaso, ya kuma lafa bayan ɗan lokaci, ci gaba. Idan wani motsi ya sa zafi shina sauka ƙafa, ko ƙafa tana mutuwa, bar wannan motsin, ka gaya ma likita. Mace mai ciki, da tsohuwar da ƙashinta ya yi laushi, su tambayi likita kafin su fara. A manyan asibitoci akwai masu koyar da motsa gaɓoɓi, ana ce musu kine. Wanda ya samu zuwa wurinsu, shi koyo, shi zo shi koya ma wasu. Ba a ganin amfanin motsa jiki a kwana 3. Sai an yi mako 4 zuwa 6 ana yi.

7. Mu sake hanyar aiki

Ba mu ce a bar aiki ba. Mun ce a sake yadda ake yin shi. Abubuwa uku suka fi tayar da ciwo: daɗewa a duƙe, ɗaukar kaya mai nauyi nesa da jiki, da murɗa kwankwaso da kaya a hannu.

A gona. Mai noma da kalme ko gajeriyar hauya shina wuni a duƙe. Duk kunya ɗaya ko biyu shi miƙe, shi dafa kwankwaso da hannu biyu, shi ɗan gantsare baya sau 3. A ƙasa mai rairayi, hauyar tsaye mai doguwar ƙota ta fi ma baya sauƙi. Wanda ke da hali shi yi huɗa da garmar shanu. Masu haƙar tassa da rabin wata a ƙasa mai tauri, kamar a Adar, su raba aikin kwana-kwana, su yi shi da sanyin safiya.

Wajen ɗaukar kaya. Buhun hatsi kilo 100 ne. Buhun taki ko na siminti kilo 50 ne. Mai ciwon baya kada shi ɗauki buhu shi kaɗai. A raba shi, ko a kama mishi. Hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka. Idan za ka ɗaga abu, matso kusa da shi. Buɗe ƙafafu, lanƙwasa gwiwoyi, rungumo shi jikinka, sannan ka tashi. Idan za ka juya, juya da ƙafafu.

A rijiya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Bidon mai lita 25, kilo 25 ke nan. Gara ƙaramin guga a ja sau da yawa. Gara bokiti biyu rabi-rabi, ɗaya a kowane hannu, da guda cike a hannu ɗaya. Wajen aza tulu ko bidon a ka, a nemi mai kamawa. Inda akwai jaki ko amalanke, a bar musu kayan.

A cikin gida. Mata su ne suka fi daɗewa a duƙe: shara, wanki, daka, tuwo, ga goyo a baya. A ɗaura ma tsintsiya doguwar sanda. A ɗora kwanon wanki bisa turmin da aka kife. A zauna bisa kujera wajen girki. A yi daka mutum biyu, ana karɓa-karɓa, ko a kai inji. Kada a yi daka ko jan ruwa da babban goyo idan akwai mai riƙe yaro.

A hanya. Girgizar babur da mota tana tayar da ciwo. Ƴan kabu-kabu da direbobi su riƙa sauka suna miƙewa. Mai doguwar tafiya, kamar mai zuwa biɗa, shi naɗe zane shi sa a kwankwasonshi, shi sauka duk inda mota ta tsaya.

8. Barci da salla

Mai kwanciya a gefe shi lanƙwasa gwiwoyi, shi sa matashi ko naɗaɗɗen zane tsakaninsu. Mai kwanciya rigingine shi sa matashin ƙarƙashin gwiwoyi. Gadon da ya lotsa a tsakiya ba shi da kyau. A ɗaure shi, ko a sauko da katifa ƙasa. Wajen tashi, a fara juyawa gefe, a dafa da hannu, sannan a tashi.

Gashi da tsumma da ruwan ɗumi shina sassauta nama. A taɓa ruwan da hannu tukuna. Kada a gasa wurin da ba shi jin taɓi, don shina ƙonewa mutum bai sani ba.

Wanda tsayuwa ko ruku'u suka gagara, addini ya yi mishi sauƙi, shina iya salla a zaune. Shi tambayi malamin garinsu yadda ake yi.

9. Maganar ƙwayoyi

Ƙwaya tana rage zafi don mutum shi samu shi motsa. Ba ta gyara ƙashi. A saye ta a gidan likita ko a farmasi. Ta masu talla a kasuwa ta sha rana, wata ma jabu ce.

Parasetamol: babba ba shi wuce ƙwaya 2 masu lamba 500 a lokaci ɗaya, ba shi kuma wuce 8 a wuni da kwana. Fiye da haka shina ɓata hanta.

Ibuprofen da diklofenak: sun fi rage ciwon baya, amma na ƴan kwanaki ne, kuma bayan an ci abinci. Shan su kullum shina kawo gyambon ciki, shina ɓata ƙoda, shina tayar da hawan jini. Haɗarin ya fi yawa ga mai aiki cikin rana bai sha ruwa ba. Mai ciki, da mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, kada su sha sai da izinin likita. Wanda ya ga bayan gidanshi ya yi baƙi kamar kwalta, shi bari nan take, shi je likita.

Tramol: shina ɓoye gajiya da ciwo, mutum shi yi aikin da ya fi ƙarfin bayanshi. Shina kama mutum har ba shi iya bari. Shina sa farfaɗiya. Yau guda, gobe biyu, jibi kuɗin cefane sun tafi.

Deksa: shina kumbura fuska, shina tayar da sukari, shina sa ƙashi shi yi laushi. Mai ciwon baya da ke shan shi kullum, ƙara ma kanshi ciwo shike yi.

Allura ba ta fi ƙwaya ƙarfi ba. Kada a yarda wanda ba likita ba shi yi ma mutum allura.

Hoton ƙashi, wanda ake ce ma radiyo, ba kowa ke bukatarshi ba. Dattawa da yawa da ba su jin ciwon komi, idan aka ɗauke su hoto za a ga alamun tsufa a ƙashinsu. Likita ne ke sanin wanda ya kamata a ɗauka. Haka aikin fiɗa: mutane kaɗan ne ke bukatarshi. Kada a sayar da gona ko bisashe kafin a ji shawarar likita.

Tausa a hankali tana da amfani. Amma a kiyayi taka baya da ƙafa, da jan mutum da ƙarfi. Idan ƙashin ya yi laushi ko tarin fuka ya ci shi, karyewa za shi yi. Sakiya da tsaga suna barin gyambo. Aska ko reza ɗaya ga mutane da yawa tana yaɗa ciwon hanta da sida. Masu shan taba su sani, ciwon baya ya fi kama su, ya fi kuma daɗe musu.

10. Aikin iyali da na gari

Ciwon baya ba shi da jini, ba shi da kumburi. Don haka ake ce ma mai shi rago. Wannan magana tana ƙara ciwo. Damuwa, da tsoro, da rashin barci suna sa jiki shi ƙara jin zafi. Mai ciwo kada shi shige ɗaki shi kaɗai. Shi fita dandali, shi je masallaci, shi je suna da biki.

A gida a raba aiki. Mai ciwo shina iya shuka, da tsinke, da kiwon bisashen gida, da saƙar tabarma ko igiya, da awo a kasuwa. Masu ƙarfi su ɗauki dami da buhu. Maza su duba matansu: matar da ke cewa bayanta, a saya mata bidon ƙarami, a biya mata kuɗin inji, a kai ta likita. Kada a aza ma yara kayan manya. Idan ciwo ya kayar da wani cikin damina, gari shi yi mishi gayya. Ƙungiyar gari tana iya sayen amalanke ɗaya ta ɗibar ruwa da kwasar dami, kowa shi amfana.

Abin da za mu riƙe

- Ciwon baya da ya wuce wata 3, a kai shi likita a duba.
- Mutuwar ƙafafu, tsayawar fitsari, faɗuwa mai tsanani: likita a ranar.
- Zazzaɓi, rama, zufar dare, doro: a auna tarin fuka. Maganin kyauta ne.
- Idan babu haɗari: motsi kullum, aiki kaɗan-kaɗan, kaya rabi-rabi.
- A guji tramol, da deksa, da maganin talla.

Tambayoyi don tattaunawa a makaranta

1. Ƙasusuwa nawa ke cikin ƙashin baya? Nawa ne a kwankwaso?
2. Me ya sa ciwon kwankwaso ke sauka har ƙafa?
3. Faɗi alamomi 3 da ba a kwana da su a gida.
4. Yaya ake ɗaukar mutumin da ya faɗo daga itace?
5. Wane aiki ne ya fi ɓata baya a garinku? Yaya za a sake shi?

Lissafi

1. Mace tana ɗauko bidon 4 kullum, kowane lita 25. Kilo nawa take ɗauka a rana? Kilo nawa a kwana 7?
2. Buhun hatsi kilo 100 ne, tiya 40. An raba shi kashi 4. Kilo nawa ne kowane kashi? Tiya nawa?

Rubutu

Kowa shi rubuta wannan cikin littafinshi sau 3: Motsi maganin baya ne. Kaya mai nauyi, a kama mini.

Malamin makaranta shi nuna motsa jiki biyar ɗin nan bisa tabarma, maza daban, mata daban. Wanda ya koya shi koya ma na gida. Allah shi ba mu lafiya, shi ba mu damina mai albarka. Amin.